Sunan Fibi: Ma'anarsa, Asalinsa a Girka da Yadda Ya Iso Gare Mu

Tambaya: Allah ya ba mu ɗiya mace, uwarta kuma tana son a raɗa mata suna Phoebe, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake rubutawa Fibi. Wani ya ce mini sunan wata allahiyar Girkawa ne, wani kuma ya ce ma'anarsa "tsoro". Ina son sanin ainihin ma'anar sunan da inda ya samo asali kafin ranar suna.

Amsa: Barka da arziki, ɗan'uwa. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Mutum na farko ya faɗa maka gaskiya, amma rabinta ya kawo. Na biyun kuwa ya haɗa kalmomi biyu ne da ba su haɗa dangi ba.

A harshen Girka ana rubuta sunan da haruffa biyar, Φοίβη, idan aka mayar da su boko su zama Phoibe. Tun kafin ya zama sunan mutum, kalma ce ta siffantawa wadda take da namiji da tamata: phoibos ga namiji, phoibe ga tamata, kamar yadda muke da fari da fara, ko Munir da Munira. Hanyar gane ma'anar tsohuwar kalma ita ce a duba abin da masu harshen suka siffanta da ita. Tsofaffin mawaƙan Girka sun kira ruwa phoibos, suna nufin ruwan da ba gurɓata a cikinsa. Sun kuma siffanta harshen wutar rana da ita, wato hasken da ido ba ya iya tsaya masa. Fulutak, marubucin da ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, wanda shi kansa ya yi aikin firist a Delfi, gidan duba na Girkawa, ya rubuta cewa mutanen da suna kiran duk abin da yake tsarkakakke marar aibi da wannan kalma. Akwai ma aikatau da aka ƙera daga gare ta mai ma'anar wankewa ko tsarkakewa.

Ke nan kalmar tana ɗauke da abu biyu a haɗe, tsarki da haske. A ganina kalmarmu da ta fi kusa da ita ita ce "garau". Ka tuna ruwan randa da ya kwana ya kwanta, ka ɗebo da moɗa da safe kana hango gindin moɗar ta cikinsa, ko kuma sararin sama bayan an ɗauke ruwa da la'asar. Abin ya yi haske ne saboda babu datti a cikinsa. Wanda ya fassara Fibi da "mai haske" bai yi kuskure ba, wanda ya ce "tsarkakakkiya" ma haka, amma "mai haske garau" ya fi kamo duka biyun. Za ka ga wasu suna cewa kai tsaye daga kalmar phos, wato haske, sunan ya fito. Masana tarihin harshe ba su karɓi wannan a matsayin tabbataccen abu ba, domin babu ƙa'idar sauyin sauti da ta bayyana inda baƙin "b" ya shigo. Ma'anar dai ba a yi jayayya a kanta ba, saboda an same ta daga yadda aka yi amfani da kalmar.

Batun tsoro kuwa, ga inda ruɗanin yake. Kalmar tsoro a Girkanci ita ce phobos, Φόβος. Ta haske kuma phoibos, Φοῖβος. Harafi ɗaya ne ya raba su, ƙaramin "i" da ke bayan "o". Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin harafi ɗaya ne tsakanin "rani" da "raini", kuma ba wanda zai ce asalinsu ɗaya. Phobos ya fito ne daga aikatau mai ma'anar arcewa, irin gudun da mayaƙa ke yi in tsoro ya fasa su a fagen fama. A hikayoyinsu Fobos ɗan Ares ne, allan yaƙi, kuma sunansa aka ba ɗaya daga cikin watanni biyu na duniyar Mars da masanin taurari Asaph Hall ya gano a 1877. Babu abin da ya haɗa shi da Fibi. Abin da ke jawo wannan kuskure a yau shi ne mutane kan yar da harafi wajen rubutu su rubuta Phobe, sai ya yi kama da phobia, kalmar Turancin nan ta tsananin tsoro.

To, allahiyar fa? Akwai ta. Wanda ya fara ambatonta cikin rubutun da ya iso gare mu shi ne Hesiyod, mawaƙin ƙauyen Askira a yankin Boyotiya, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin miladiyya. A waƙarsa ta salsalar alloli mai suna Teyogoniya, ya ce Sama, wato Uranus, da Ƙasa, wato Gaia, sun haifi 'ya'ya 12, maza shida mata shida, waɗanda ake kira Titan. Su ne tsarar alloli ta farko, kafin su Zeyus, sarkin allolinsu. Matan su ne Teya, Reya, Temis, Nemosine, Fibi da Tetis, autan mazan kuma shi ne Kuronus. Kirarin da mawaƙin ya yi wa Fibi kalma ɗaya ce tak, mai kambin zinariya.

Bayan layi sama da 200 ya sake komowa kanta. Ta auri ɗan'uwanta Koyos, kamar yadda aka saba a salsalar allolinsu, ta haifi mata biyu. Ta farko Leto, wadda mawaƙin ya siffanta da mai baƙin mayafi, mai sanyin hali ga mutane da alloli. Ta biyu Asteriya, sunanta daga kalmar tauraro, ita ce uwar Hekate. Leto ce ta haifa wa Zeyus tagwaye a tsibirin Delos, Afolo da Atemis. Saboda haka Fibi kakar Afolo ce ta wajen uwa, kuma kusan duk darajarta a hikaya ta nan ta zo.

Abin lura a nan shi ne Fibi ba ta da labarin kanta. Ba ta yi kishi da kowa ba, ba ta la'anci kowa ba, ba a sace ta ba, ba a ce ta ɗauki makami a yaƙin shekara 10 da Titan suka gwabza da su Zeyus ba. Wannan yana da muhimmanci ga mai neman suna, domin sunayen matan hikayar Girka da yawa suna tafe da kaya masu nauyi. Kasandara ta yi duban gaskiya ba wanda ya yarda da ita har aka kashe ta. Mediya ta kashe 'ya'yanta. Fandora ta buɗe tulun masifu. Fibi ba ta da irin wannan tabo. Ko surarta ma ba ta da yawa a zane-zanensu. Wadda aka fi sani tana jikin babban bagaden Fergamon, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 2 kafin miladiyya a yammacin Turkiyya ta yau, yanzu kuma yana gidan tarihi a Balin ta Jamus. A can an nuna ta riƙe da sandar wuta tana taya alloli yaƙi da ƙattai, 'yarta Asteriya a gefenta da takobi, ga kare yana taya su.

Wuri ɗaya da ta taka rawa shi ne Delfi, gidan duban da ya fi kowanne suna a ƙasar Girka, a gangaren dutsen Farnasus. Sarakuna da talakawa sukan je can da tambaya, wata mace da ake kira Fitiya ta hau kujera mai ƙafa uku ta ba da amsa da sunan Afolo. A shekara ta 458 kafin miladiyya, Eskilus ya nuna wani wasan kwaikwayo a Atina wanda ya buɗe da addu'ar wannan mai duba, tana lissafa waɗanda suka riƙe wurin. Ta farko Gaia, ta biyu 'yarta Temis, ta uku Fibi, wadda ta karɓa da yardar mai shi ba da ƙarfi ba. Ita kuma ta ba jikanta Afolo a matsayin kyautar haihuwa, shi ya sa, in ji wasan, ake kiransa Foibos, sunan kakarsa. Ka ga al'adar mayar da sunan kaka ga jika ba mu kaɗai muka san ta ba.

Sai dai akwai gyara guda biyu da mai bincike zai yi wa wannan labari. Na farko, tsohuwar ruwayar da aka fi yaɗawa cewa ta yi Afolo ya kashe wani ƙaton maciji ne da ke gadin wurin ya mallake shi da ƙarfi. Masana da yawa suna ganin Eskilus ne ya saka Fibi a tsakiya don gadon ya zama na lumana, saboda jigon wasansa shi ne shari'a ta maye gurbin ɗaukar fansa. Na biyu, Homa, wanda waƙoƙinsa suna cikin mafi tsufa a harshen, yana ta kiran allan nan Foibos Afolo ba adadi, amma bai ambaci kakar ko sau ɗaya ba. Wannan ya sa ake kyautata zaton abin a juye yake, wato laƙabin jikan ne ya riga, aka yanka wa kakar suna daga gare shi lokacin da mawaƙa ke cike gurabun salsala. Ko ta wace hanya aka bi, kalmar ta girmi allahiyar.

Za ka kuma ci karo da masu cewa Fibi allahiyar wata ce. Wannan ya zo ne daga baya. A wurin Hesiyod allahiyar wata Selene ce, 'yar Teya, ba ta da alaƙa da Fibi sai ta 'yan'uwantaka. Abin da ya faru shi ne a hankali aka riƙa haɗa Afolo da rana, 'yar'uwarsa Atemis kuma da wata. Tunda shi Foibos ne, sai ita ta zama Fibi. Mawaƙan Rum irin su Bajil da Obid, a ƙarshen ƙarni na 1 kafin miladiyya da farkon na bayansa, su suka yawaita wannan. A wata waƙarsa ta noma, Bajil ya gaya wa manomi cewa in ya ga Fibi ta yi ja, to iska na tafe, kuma farin wata yake nufi. Don haka in ka ga an ce sunan yana nufin wata, laƙabin jikanya ne a bakin Rumawa, ba aikin kakar ba.

Akwai wasu matan hikaya da suka amsa sunan. Ɗaya 'yar Leda ce, 'yar'uwar Helen ta yaƙin Taroya. Wata kuma tana cikin 'ya'yan Rana da suka yi ta kukan ɗan'uwansu Fayeton har suka rikiɗe bishiyoyi. Wadda ta fi su labari ita ce Fibi 'yar Lukifus ta ƙasar Mesiniya. Ita da 'yar'uwarta Hilayira an yi musu baiko da wasu 'yan'uwa biyu, Idas da Linkiyus, sai tagwayen nan Kasto da Foluks suka sace su, abin da a wata ruwayar ya jawo faɗan da mutum uku cikin huɗun suka mutu. Wannan Fibin an yi mata ɗakin bauta a Sparta tare da 'yar'uwarta. Fausaniyas, matafiyin da ya zaga Girka a ƙarni na 2 miladiyya yana rubuta abin da ya gani, ya shiga ɗakin. Ya ce 'yan mata ne ke hidimarsa, kuma akwai wani ƙwai da aka ɗaure da ƙyallaye yana reto daga rufi, mutanen garin suna cewa shi ne ƙwan da Leda ta saka. Na kawo wannan ne don kada a ɓoye maka komai, an taɓa yi wa mai wannan suna bauta a wani gari.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi shafar gidanku. Sunan bai zo ƙasar Hausa ta hanyar Hesiyod ko Delfi ba. Ya zo ne ta ayoyi biyu, Romawa 16:1-2. Manzo Bulus ya rubuta wannan wasiƙa daga Koranti wajen shekara ta 57 miladiyya, kuma kafin ya fara gaisuwa ga mutum sama da 20 da ke Rum, sai ya gabatar musu da wata mace mai suna Fibi daga ikilisiyar Kankiriya, ya roƙe su su karɓe ta su taimaka mata da duk abin da take bukata. Kankiriya tashar jiragen ruwa ce ta gabashin Koranti, kimanin kilomita 10 daga birnin, inda kayan Asiya da Masar ke sauka. Nan ne Bulus ya yi aski saboda wa'adin da ya ɗauka, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:18 ya faɗa. Irin wannan gabatarwa akan yi wa wanda ya ɗauko wasiƙa ne, shi ya sa mafi yawan masu sharhi suke ganin ita ce ta kai wasiƙar Rum da hannunta. Wasu tsofaffin kwafe-kwafen littafin ma sun rubuta haka a ƙarshensa.

Bulus ya siffanta ta da kalmomi uku. Ya kira ta 'yar'uwa. Ya kira ta diakonos, mai hidima, kalmar da ya yi amfani da ita ga kansa a wasu wasiƙun, kuma daga ita aka samo "dikin" da ake ji a majami'u. Ta ukun ce ta fi ba masu fassara wuya, prostatis, a zahiri mai tsayawa a gaban wani. A dokar Atina ta da, baƙon da ke zaune a birnin dole ya sami ɗan gari da zai tsaya masa, kuma namijin wannan kalma ake kiran mutumin da shi. Bahaushen da ya san fatauci ya san wannan matsayi sarai: maigidan da ke zango wanda falke ke sauka a gidansa, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. "Mai taimako" ya yi wa kalmar kaɗan. "Uwar ɗaki" ya fi dacewa, kuma Bulus ya ce ta zama haka ga mutane da yawa har da shi kansa. Wannan yana nuna mace ce mai abin hannu da gida buɗe. Ikilisiyoyin Katolika da na Otodoks suna tunawa da ita ranar 3 ga Satumba.

Tabbas iyayen wannan mata ko iyayen gidanta daga hikaya suka ɗauko sunan, domin Bayahude da wuya ya raɗa shi. Akwai ma masu ganin ta yiwu 'yantacciyar baiwa ce, saboda a daular Rum an saba ba bayi sunayen hikaya. Abin da ya fito fili shi ne ba ta canza suna ba bayan ta karɓi bangaskiya, Bulus kuma bai nemi ta canza ba. Ka karanta sauran babin za ka ga ba ita kaɗai ba ce. A aya ta 14 akwai Hamis, sunan allan saƙo, a ta 15 akwai Niriyus, sunan tsohon allan teku, a ta 11 akwai gidan Narkisus. A wasu wurare akwai Afolos mai wa'azi, da Abafaroditus wanda sunan Afrodite ke cikin nasa, da Diyonisiyus na Atina, da Kuluwi ta Koranti wadda sunanta laƙabin allahiyar noma ne. Ikilisiyar farko ta ɗauki waɗannan a matsayin sunayen mutane kawai. Wannan ce hujjar da nake ganin ta fi ƙarfi ga Kirista mai tambaya irin taka, ko da yake shawarar ƙarshe taku ce da fastonku da dattawan gida.

Daga wannan aya sunan ya yaɗu. A Ingila ya fara yawa bayan sauyin Furotesta na ƙarni na 16, lokacin da iyaye suka koma neman suna cikin Littafi Mai Tsarki. Fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 ta rubuta shi Phebe, ba "o", shi ya sa har yau ake ganin wannan rubutun kuma ba kuskure ba ne. Ta hannun 'yan mishan da fassarar Hausa ya shigo arewa, ya zauna kusa da su Rahila, Saratu, Rifkatu da Lidiya.

Mutane kan yi mamakin yadda Phoebe ya zama Fibi a baki. Tafiya ce ta matakai. A Atina ta zamanin Eskilus harafin farko ba "f" ba ne, "p" ne mai ɗan fitar iska, sai tagwan wasali "oi", sai "b", sai "e" mai tsawo, kusan Poibee. Rumawa da suka ari sunan sun saba mayar da "oi" na Girka "oe", daga nan rubutun Phoebe ya fito. Daga baya a Latin "ph" ya koma "f", "oe" ya koma "e", aka sami Febe, wanda har yau haka Italiyawa da Sifaniyawa ke faɗa. A Turanci kuma, tsakanin shekarun 1400 zuwa 1700, dogon "e" ya koma "i", sai ya zama Fibi, rubutun kuwa ya tsaya inda yake. Girkawan yau Fivi suke cewa. Don haka ba a furta "o" ɗin nan, gaɓa biyu ce, Fi-bi, wasalin farko a ja shi. Masu cewa Fobe ko Fo-e-be suna bin haruffa ne kawai. In kuna da dangi a Sakkwato ko Tawa ko Dogon Dutsi, kada ka yi mamaki in ka ji kaka ta ce Hibi, domin a Hausar yamma "fi" kan koma "hi", kamar fita da hita, fili da hili.

Ga Musulmin da zai karanta wannan da irin tambayar, hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Abin da aka sani shi ne shari'a ta damu da ma'anar suna. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunan wata daga Asiya mai ma'anar "mai saɓo" zuwa Jamila, kuma wannan daban yake da sunan Asiya matar Fir'auna, haruffansu na Larabci ba ɗaya ba ne. Wanda ma'anar Fibi ce ta ba shi sha'awa yana da sunayen da suka ɗauke ta: Munira da Nuriyya da Zahra'u ta wajen haske, Safiya da Ɗahira ta wajen tsarki. A gidajen Kirista ma akan ji sunan Haske, wanda kusan fassarar Fibi ce.

In yarinyar ta girma ta nemi sunanta a intanet, cikin abubuwan da za su fito mata akwai wani wata mai suna Phoebe da ke zagaya duniyar Saturn, wadda Larabawa ke kira Zuhal. Saturn shi ne sunan da Rumawa suka ba Kuronus, saboda haka masanin taurari John Herschel ya ba da shawara a 1847 a riƙa ba watanninta sunayen 'yan'uwansa Titan. William Pickering ne ya gano na tara, wato Phoebe, a 1899, daga hotunan da aka ɗauka a Agustan 1898 kusa da Arekifa a ƙasar Peru, kuma shi ne wata na farko da aka gano ta hoto ba da ido a madubin hangen nesa ba. Faɗinsa kimanin kilomita 213, nisansa da Saturn kusan kilomita miliyan 13, yana gama zagaye ɗaya cikin kwana 550, kuma baya-baya yake tafiya, saɓanin manyan watannin. Kumbon Cassini ya wuce kusa da shi ranar 11 ga Yuni 2004, hotunan suka nuna dutse ne baƙi kamar gawayi, cike da ramuka. An ba shi sunan ne don dangantakar hikaya, ba don kamanninsa ba. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu a Amurka mai wannan suna, shi kuwa daga kukansa aka samo shi.

In kun tsayar da shawara, abin da zai iya ba yarinyar wahala nan gaba shi ne rubutun sunan. Yana da siffofi ingantattu uku, Phoebe da Phebe da Fibi, da kuma gurɓatattu da ake yawan gani, Pheobe da Phobe da Feebe. Pheobe ne ya fi yawa, saboda kunne yana jin "i" bayan "f", sai hannu ya gabatar da "e" a kan "o". Ku zaɓi ɗaya tun kafin ranar suna, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, P-H-O-E-B-E in shi kuka zaɓa, ka miƙa wa mai cike takarda maimakon ka faɗa masa da baki. A yi haka a katin asibiti, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da katin baftisma ko na miƙa yaro, da rajistar firamare. Kafin ka bar gaban tebur, ka karanta abin da aka rubuta harafi-harafi.

Dalilin wannan tsanani shi ne takardun yanzu a sarƙe suke. Lambar NIN ake bi wajen rajistar JAMB tun 2021, ita ake bi wajen fasfo, banki ma yana gwada ta da BVN, kuma kwamfuta ba ta san Phoebe da Pheobe mutum ɗaya ba ce. Gyaran harafi ɗaya bayan shekara 17 yakan bukaci takardar rantsuwa a kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, da kuɗin gyara a kowace hukuma, kuma sau da yawa sai lokacin rajistar jarrabawa ya matse ake gano matsalar. Kada kuma a rubuta Fibi a coci, Phoebe a makaranta, da tunanin ai duk ɗaya ne. A gida ku kira ta yadda kuke so, a takarda dai rubutu ɗaya.

Waɗanda ke Nijar ko Kamaru ko Cadi za su haɗu da rubutun Faransanci, Phœbé, mai "o" da "e" a manne da alama a kan wasalin ƙarshe, ana furta shi Febe. Layin da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba ya ɗaukar irin waɗannan haruffa, yakan warware su zuwa PHOEBE. In iyali suna zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu, ko yarinyar za ta yi karatu a Najeriya, gara tun a takardar haihuwa a rubuta haruffan shida a ware ba tare da wata alama ba.